Tambaya da Amsa: Neman Kayan Gyaran Tsofaffin Kayan Wuta Lokacin Kwaskwarimar Gida

Wasiƙun wannan fitowar duk daga masu gyaran tsofaffin gidaje suke a cikin birnin Kano da kewaye. Kafin a taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da za mu ambata, a kashe babban makunnin gidan, a kashe janareta da inbata, sannan a gwada da mita mai baki biyu. Testa mai ɗan ƙwai ba ta isa shaida ba, don takan yi shiru alhali da wuta a jikin waya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna yi wa gidan mahaifinmu kwaskwarima a Fagge, gidan da aka ja wa wuta tun kafin a haife ni. Akwatin fis ɗinsa na ƙarfe ne, an rubuta MEM a jiki, yana da fis shida na tangaran. Biyu sun fashe, sauran kuma duk waya aka ɗaura musu. Na zaga shaguna ban sami irinsu ba. Ina zan dosa? — Wani magidanci, Fagge

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan neman ne kawai, ka fara da tsofaffin shagunan kayan wuta na Sabon Gari, musamman layin France Road, sannan masu sayar da kayan da aka ciro daga rusassun gine-gine a Ƙofar Ruwa. Kada ka je da baki kawai. Ka tafi da fasasshen a leda, ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin murfin akwatin, domin kamfani ɗaya ma yana da samfuri kala-kala, kuma tazarar ƙafafun fis ɗin ta bambanta. Wanda ya shiga da sako-sako zai riƙa zafi har ya ƙona mazauninsa. Ka duba ƙafafun: idan sun yi baƙi, ko sun saki, ko tangaran ɗin ya tsage ko da kaɗan ne, ka bar musu kayansu. A yawancin irin waɗannan fis akwai ɗigon launi mai nuna ƙarfi: fari amp 5, shuɗi 15, rawaya 20, ja 30.

Maganar wayar da aka ɗaura ita ta fi damunmu. Wayar fis ta gaskiya siririya ce ƙwarai. Ta amp 5 kaurinta milimita 0.2 ne, ta amp 15 milimita 0.5, ta amp 30 kuma 0.85. Shi kuwa ƙarfen cikin waya 2.5 (lambar girman waya ce a murabba'in milimita) da mutane ke yankowa su ɗaura, kaurinsa ya kusa milimita 1.8, ya fi ma wayar fis ta amp 45 kauri. Ka ga ke nan in lodi ya yi yawa, fis ba zai tsinke ba, wayar da ke cikin bango ko saman silin ce za ta ɗauki zafin. Wata gobarar da ake cewa "wuta ce aka kawo da ƙarfi" akwai irin wannan ɗauri a bayanta. Wani abin kuma, tsofaffin mazaunin fis da yawa suna da wani farin ƙyalle a ƙasansu, na asbesto ne. Kada a kankare shi, kada a hura shi da baki, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Shawararmu dai, tunda an riga an shiga aikin fasa bango da fenti, a sauke akwatin nan gaba ɗaya. Ko an sa masa wayar da ta dace, irin wannan fis sai wuta ta kusa ninka abin da aka rubuta kafin ya tsinke, kuma ba ya kare mutum daga jan wuta. A sayi sabon akwati mai gurbi 8 ko 12, a bar gurbi biyu ko uku fanko saboda gaba. A sa babban makunni na amp 63, sai na'urar RCD mai lamba 30mA, wadda ke yanke wuta idan ta fara zurarewa ta jikin mutum ko jiƙaƙƙen bango. Bireka kuma, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa in lodi ya yi yawa, da kaurin waya ake auna ta, ba da yawan kayan da ake son kunnawa ba: amp 6 ko 10 ga layin fitilu mai waya 1.5, amp 20 ga layin soket mai waya 2.5, amp 32 ga kukar lantarki mai waya 6. Idan bireka tana yawan faɗuwa, raba layin za a yi biyu, ba ƙara mata lamba ba.

A tsohon gida, sau da yawa RCD na faɗuwa ranar da aka ɗaura ta. Nan ne wasu masu wayarin ke cewa "ba ta da kyau" su tsallake ta. Kada ka yarda. Ko dai akwai inda wuta ke zurarewa, ko an haɗa nutural ɗin layi biyu wuri guda, ko nutural ya taɓa wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, a cikin wani akwati. A bi layukan ɗaya bayan ɗaya har a gano. Mita da babban fis ɗin da ke gabanta kuwa hurumin KEDCO ne, kamfanin da ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013. Idan aikin zai kai ga taɓa su, a sanar da ofishinsu na unguwa. Mai aikin ma ya kasance yana da takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu wayarin.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Da aka sauke silin ɗin gidanmu a Gwammaja sai muka ga wayoyin ja da baƙi ne, wasu ma kamar da zare aka naɗe su. Mai aikin ya ce a cire duka, ni kuma ina ganin neman kuɗi ne. Ba za a iya sayo irinsu a ƙara a inda ya lalace ba? — Wata uwargida, Gwammaja

Amsa: Hajiya, launin ba laifi ba ne. Ja mai ɗauke da wuta, baƙi nutural, kore wayar ƙasa, shi ne tsarin da muka gada daga Ingila, kuma har gobe ana sayar da shi a kasuwa. Su can sun koma ruwan ƙasa da shuɗi tsakanin 2004 da 2006, irin launukan da kike gani a igiyar firji da dutsen guga. Abin dubawa shi ne rigar wayar. Wadda kika ce kamar da zare aka naɗe, roba ce a ciki aka lulluɓe da saƙa, tun ta zamanin ECN, tsohuwar hukumar wutar lantarki, kafin a kafa NEPA a 1972. Zafin da ke taruwa tsakanin kwano da silin a watan Afrilu ya daɗe da busar da ita. A lanƙwasa ta kaɗan bayan an kashe wuta, za ki ga tana zuba kamar busasshiyar kuka. Wannan ba ta da gyara, kuma ba a ƙera ta yanzu. A nan mai aikinki ya yi gaskiya.

Mai rigar PVC kuwa tana iya kasancewa lafiya lau ko da ta shekara 40. Ba da ido ake yanke hukunci ba. Akwai na'urar gwajin rigar waya da ke tura bolt 500, a cire kwan fitila da duk kayan da ke jone, a gwada kowane layi. Abin da ya gaza megohm 1 ya faɗi. Wanda ya ba da 1 ko 2 ma abin bincike ne, don lafiyayyen layi yakan ba da gommai ko ɗaruruwa. Ki ce ya yi gwajin a gabanki, ya rubuta sakamakon kowane layi. A kuma duba inda ɓera ya ci, da inda wani koren maiƙo ke tsatsowa daga bakin waya, da mahaɗar da aka murɗe aka naɗe da salatif aka jefa saman silin.

Idan za a ƙara sabuwa a kan tsohuwa, a sani cewa tsofaffin da awon inci aka yi su. Mai sili uku da ake kira 3/029 ba ta kai 1.5 ba, ta fitilu ce kawai. Mai sili bakwai 7/029 ta ɗan fi 2.5, don haka 2.5 ce ke maye gurbinta a layin soket. Ita 7/036 kuma tana tsakanin 4 da 6. Kowace mahaɗa a yi ta da kwanekta a cikin akwati mai murfi, inda hannu zai kai gare ta nan gaba.

Wajen sayen waya ake fi cutar mutane. Akwai kamfanonin gida da aka sani, irin su Cutix da Coleman da Nigerchin, amma ana kwaikwayon tambarinsu. A kankare ƙarfen da wuƙa: in cikinsa ya yi fari, alminiyon ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. A ɗora naɗin a sikeli: mita 100 na waya 2.5 jan ƙarfen cikinsa kaɗai ya haura kilo 2, da rigarsa ya kai wajen kilo 3. A karanta takardar kuma a ga ko mita 100 aka rubuta ko yadi 100, don yadi 100 mita 91 ne da ɗoriya.

Tambaya: Soket ɗin gidan da na saya a Nassarawa duk masu zagayayyen baki ne, manya da ƙanana. Ina so in mayar da su na zamani, amma kusoshin sababbin sun ƙi ɗauruwa a akwatin da ke bango. Fasa bangon za a yi? — Wani mai karatu, Nassarawa

Amsa: Alhaji, a mafi yawan lokuta ba sai an fasa ba. Tazarar ramukan kusoshi ba ta canza ba: milimita 60.3 a akwati mai gida ɗaya, wanda 'yan kasuwa ke kira uku-da-uku, da 120.6 a uku-da-shida. Zaren kusar ne ya canza. Tsofaffin akwatuna zaren 4BA gare su, sababbin soket kuma da kusa M3.5 suke zuwa, ga su kamar ɗaya amma ba sa shiga juna. Mafita mafi sauƙi ita ce a adana tsofaffin kusoshin a ɗaure sabon soket da su. In sun ɓata, akwai ɗan ƙarfen yanka zare na M3.5 mai mariƙi irin na sukundireba, a murɗa shi a hankali cikin ramin. Kada a tura kusar katako da ƙarfin tsiya, bakinta yana huda rigar waya. Zurfin akwati shi ne matsala ta biyu. Tsohon akwatin makunni yakan zama milimita 16 kacal, soket na son 25, mai gurbin cajin waya kuma 35. In zurfin bai kai ba, ko tsatsa ta cinye kunnuwan akwatin, to wannan ɗayan sai a cire shi.

Amma kafin kusoshi, a duba wayar da ke baya. Ƙaramin soket mai zagayayyen baki na amp 5 ne, iyakarsa wajen wat 1,100, kuma sau da yawa daga layin fitilu aka jawo shi da siririyar waya. Idan ka ɗora masa soket na amp 13, ka buɗe ƙofa ke nan a jona hita ko dutsen guga mai wat 2,000 a kan wayar da ba ta iya ɗauka. Irin wannan gurbi ko dai a ja masa sabuwar waya 2.5, ko a rufe shi da murfi. Babban kuwa na amp 15 ne, har yanzu ana sayar da sabonsa, kuma shi ya fi dacewa da na'urar sanyaya ɗaki. Sai dai fulogin amp 15 ba shi da fis a ciki, saɓanin na amp 13, saboda haka kowane ɗaya ya samu layinsa da birekarsa.

A kuma tabbatar wayar ƙasa tana aiki da gaske. Gidaje da yawa na wancan zamani bututun ƙarfen da waya ke bi ta ciki shi ne wayar ƙasarsu. Da zarar an yanke wani sashe an maye shi da na roba, ko tsatsa ta ci mahaɗa, kariyar ta tafi ba tare da kowa ya sani ba. A ja koriyar waya zuwa kowane soket, a kafa sabon sandan ƙasa a wuri mai danshi, a auna shi da rani lokacin da ƙasar Kano ta fi bushewa. Gishirin da ake zubawa a ramin yana gyara awo na ɗan lokaci, amma yana cinye sandan da mahaɗarsa.

Tsofaffin makunnan MK da Crabtree da ke da ƙarar "ƙas" mai kyau, ba su yi baƙi ba, ba sa ɗumi, babu dalilin zubar da su don tsufa kawai.

Tambaya: Akwai tsofaffin fankokin sama guda huɗu a gidanmu, KDK da SMC, masu nauyin gaske. Ɗaya sai an tura ta da sanda, ɗaya tana ƙara, biyu ba sa gudu. Yarana sun ce a sayar wa 'yan gwangwan. Mene ne shawararku? — Wani dattijo, Gyaɗi-Gyaɗi

Amsa: Baba, kada a sayar tukuna. A nan kam da tsohuwar zuma ake magani, don nauyin nan da kake ji jan ƙarfe ne da ƙarfe mai kauri, kuma kayan gyaransu suna nan birjik, ba sai na kamfanin ba.

Wadda ake turawa da sanda kafasitarta ce ta mutu. Biyun da ba sa gudu ma ita ce abin zargi na farko, amma a fara auna wutar gidan, domin idan ta sauka ƙasa sosai daga bolt 230 kowace fanka sanyi za ta yi. Kafasita tana cikin kofin da ke saman fankar. A karanta lambar jikinta, galibi tsakanin 2.5uF da 3.5uF, a sayo daidai ita, mai jure bolt 400 ko 450. Masu gyara kan sa 4 ko 4.5 don fanka ta yi gudu. Za ta yi gudun, amma koyil zai riƙa zafi har ya ƙone. Idan rubutun ya goge, a fara da 2.5. A haɗa bakunan tsohuwar da ƙarfen sukundireba mai mariƙin roba don a sauke cajin da ke cikinta kafin a taɓa, a kuma ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin a kwance. In aka juya su, fanka za ta juya baibai, iska ta tafi sama.

Mai ƙara boris ne. Lambarsa tana rubuce a gefensa, yawanci 6201 ko 6202 ko 6203, wato ramin tsakiya milimita 12 ko 15 ko 17. Masu sayar da boris na babur da injina suna da su. A ɗauki mai rufi gefe biyu, wanda lambarsa ta ƙare da ZZ ko 2RS, saboda ƙurar hunturu, a canza duka biyun lokaci guda. Wajen sawa a daki zoben da ke shiga matse kawai, in ba haka ba sabon ma da ƙara zai fara.

Sai in koyil ya yi warin ƙuna ko mita ta nuna ya taɓa jikin fanka za a kai wa masu naɗi. A yi sharaɗi da su a kan wayar jan ƙarfe mai kauri irin na asali, a shafa banish a busar. Tsohuwar reguleta mai babban akwati in ta ƙone, a sa mai taku biyar mai aiki da kafasita. Mai juyawa sumul tana sa fanka gurnani, musamman a kan janareta da inbata. Fukafukai kuma kada a gauraya na wannan da na waccan, kowane saiti nauyinsa ɗaya aka yi shi. Kafin a mayar da ita sama, a duba ƙugiyar silin da robar da kusar da ke riƙe sandan, har da ɗan fil ɗin da ke hana noti kwancewa. Abu ɗaya da yaranka za su iya kafa hujja da shi: irin waɗannan fankoki kan ci wat 75 zuwa sama, don haka idan gidan sola zai koma, a bar su a layin wutar gari.

Tambaya: Dogayen fitilunmu masu cok da sitata sai ƙiftawa suke. A nemo sabon cok ko yaya? — Wata malamar makaranta, Tarauni

Amsa: Malama, kada ki wahalar da kanki. Cok ba ya iya tayar da fitila idan wuta ta yi ƙasa. Gidan fitilar dai in bai yi tsatsa ba a bar shi, a sa masa dogon kwan LED: wat 18 a gurbin mai ƙafa huɗu na wat 36 ko 40, wat 9 a gurbin mai ƙafa biyu. Ƙafafunsu iri ɗaya ne, suna shiga tsohon mazauni. A cire sitata, a tsallake cok, sannan a karanta jikin kwan, domin wani ta gefe ɗaya yake karɓar wuta da nutural, wani kuma wuta ta nan nutural ta can. Haɗin da bai dace ba yana faɗar da bireka ko ya kashe kwan nan take. A rubuta a jikin gidan fitilar cewa an cire cok, don kada wani ya mayar da tsohon kwai. Tsofaffin kuma kada a bar yara su fasa su, akwai sinadarin makyuri a ciki.

Tambaya: Na ga bireka 'yan gwanjo na ƙasar waje, an ce sun fi sababbi ƙarko. In saya? — Wani ɗalibin koyon wayarin, Kurna

Amsa: Ɗan'uwa, gidan fitila da fanka da akwatin ƙarfe ana sayensu gwanjo, don ido da mita suna nuna lafiyarsu. Bireka kuwa a rufe take, ba ka san sau nawa ta yanke babbar wuta ba, kuma ɗagawa da saukewa da hannu ba ya nuna za ta faɗi ranar da ake bukata. Uzuri ɗaya shi ne tsohon akwatin da sababbi ba sa shigarsa, kuma ko shi na wucin gadi ne kafin a canza akwatin. A sababbin ma, kodayake duk suna hawa dogon ƙarfe mai faɗin milimita 35, tsayin bakin da sandan jan ƙarfe ke shiga ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan ka gauraya su, wata za ta ɗauru a karkace, ta riƙa zafi har ta narke. Ka sayi akwati da birekunsa na kamfani ɗaya, ka duba an rubuta 6000 a cikin ɗan murabba'i a fuskar kowace, wato yawan amp ɗin da za ta iya yankewa lafiya, ka kuma karɓi rasit mai sunan shago.